Me ya sa fayil ɗin manhajata ba ya buɗewa, kuma me zan yi in an ɗauke wuta ana cikin ajiya?

Tambayar daga wani matashi ce a Jega. Ga abin da ya rubuto: "Yaya, na rubuta manhaja da C# don dillalan shinkafa da masu injin casa. Tana riƙe lissafin buhuna, kuɗin da aka biya da bashin da ya rage, kuma sunan fayilolinta yana ƙarewa da .buhu. In an danna fayil sau biyu, Windows sai ta tambayi da me za a buɗe shi, in aka zaɓi manhajata sai ta buɗe fayau ba komai a ciki. In aka danna wani fayil ɗin kuma, sai taga ta biyu ta fito. Jiya kuma janareta ya mutu ana cikin ajiyewa, lissafin wani maigida ya ƙi buɗewa sam."

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Matsalar ƙarshen nan, ta ɗauke wuta, ita ce za ta iya raba ka da masu sayen aikinka, don haka a kanta zan fi daɗewa. Amma bari mu shiga ta ƙofa.

Windows ba ta leƙa cikin fayil in an danna shi. Wutsiyar sunan kawai take dubawa, wato abin da ya biyo bayan ɗigon ƙarshe, sai ta je rajistarta, wato kundin saitinta, ta ga wa ke da wannan wutsiya. Kamar ɗan kamasho ne a tasha: ka ce Yawuri za ka, ya nuna maka mota, ya miƙa wa direba kayanka, nasa ya ƙare. Ba shi zai kai ka ba. Windows tana tayar da manhajarka, ta miƙa mata adireshin fayil ɗin, shi ke nan. Buɗewa da karantawa aikinka ne. Saboda haka kuka biyu ne a cikin kukanka na farko: ba ka yi rajista ba, shi ya sa ake tambaya, kuma ba ka karɓi abin da aka miƙo maka ba, shi ya sa taga ke fitowa fayau.

Rajistar abu biyu ce. A ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER\Software\Classes za ka buɗe maɓalli mai suna .buhu, ka rubuta masa sunan nau'in fayil ɗinka, misali Awo.Lissafi.1. Wannan sunan shi ake kira ProgID. Sai ka buɗe maɓalli na biyu da wannan sunan, a ƙarƙashinsa ka sa DefaultIcon don tambarin da zai bayyana a kan fayil, sannan shell\open\command mai ɗauke da umarnin da za a gudanar:

"C:\Program Files\Awo\awo.exe" "%1"

Wurin %1 ɗin nan Windows ke zuba adireshin fayil. Ka dubi alamomin zance da suka kewaye shi da kyau. In ka manta da su, fayil mai suna "lissafi.buhu" zai buɗe lafiya lau ka ɗauka ka gama, ranar da wani ya sa wa nasa suna "Kuɗin shinkafa.buhu" sai adireshin ya tsinke a wurin tazarar ya iso maka gutsure biyu, manhajarka ta ce babu fayil. Mutanenmu kuwa da tazara suke raɗa wa fayil suna, kamar yadda suke rubutu a littafin bashi.

In kana so rajistar ta shafi duk masu amfani da kwamfutar, a HKEY_LOCAL_MACHINE za ka rubuta, amma wannan sai da izinin mai kula da kwamfuta. HKEY_CLASSES_ROOT da kake gani a misalan intanet haɗakar waɗannan biyun ce kawai, gara ka zaɓi ɗaya ka san inda ka rubuta. Kuma ba manhajar ce ya kamata ta riƙa yin wannan duk lokacin da ta tashi ba, aikin mai girkawa ne, wato manhajar da ke saka taka a kwamfuta. Ni Inno Setup nake amfani da shi, yana da sashen rajista, in ka sa ChangesAssociations=yes shi zai sanar da Windows ta sabunta tambura ba sai an kashe an kunna ba. Mai yi da hannu sai ya kira SHChangeNotify da SHCNE_ASSOCCHANGED. In an cire manhajar kuma, mai girkawar ya share ProgID ɗinka, kada ka bar wa mutane fayil mai nuni ga manhajar da babu ita.

Akwai tarkon da zai iya sa ka zaci rajistarka ba ta yi aiki ba. Duk kwamfutar da wani ya taɓa zaɓar abin buɗe .buhu da hannunsa, ya ce kullum da wannan za a riƙa buɗewa, Windows ta rubuta zaɓinsa a wani maɓalli dabam mai suna UserChoice, kuma shi ke gaba da naka. In yaron shago ya taɓa zaɓar Notepad, to Notepad zai ci gaba da buɗewa ko ka girka sau goma. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 aka sa wa wannan maɓalli wani hatimi da ake kira Hash, don manhajoji su daina ƙwace wa juna fayiloli a bayan idon mai kwamfuta. Kada ka ɓata lokacinka wajen yaƙi da shi. Ka nuna wa mutum inda zai canja a saitin Windows, ya canja da hannunsa. Da wannan nake ba ka shawarar kada ka yi gigin ƙwace .xlsx ko .csv ko .pdf don kawai manhajarka na iya karanta su. Ka sa sunanka a OpenWithProgids na wutsiyar, ka bayyana cikin jerin zaɓi, mai so ya ɗauke ka. Mutumin da ya danna takardar Excel ya ga manhajar shinkafa ta fito, ranar zai cire ta.

Karɓa kuma ba ta da wuya. A C#, adireshin yana isowa ta args na Main. Ka duba in akwai wani abu a ciki, ka tabbatar fayil ɗin yana nan, ka buɗe. Sai dai ka lura, in ta hanyar danna fayil aka tashe ka, foldar da manhaja ke ɗauka tana ciki yawanci foldar fayil ɗin ce, ba tata ba. Duk wani abu da kake nema da guntun adireshi, kamar tambarin rasidi ko fayil ɗin saiti, zai ɓace maka. Ka nemi kayanka ta AppContext.BaseDirectory, saitin mai amfani kuma ka ajiye shi a AppData.

Wani abu da littattafan Turawa ba za su tuna maka ba shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Babu ɓ da ɗ da ƙ a tsohon tsarin haruffan Windows na yammacin Turai. Manhajar C++ da ke karɓar adireshi ta tsohon main, in aka miƙo mata "Kuɗin shinkafa.buhu", ɗ ɗin zai iso ne a matsayin alamar tambaya ko wani harafi dabam, kuma babu fayil mai wannan sunan. Maganinsu wmain ne ko GetCommandLineW. Kai da ke C# ka tsira a bakin ƙofa, don Yunikod kake karɓa, tsarin da ya san haruffanmu, amma in ka miƙa adireshin ga wani tsohon laburare ko fayil ɗin .bat, matsalar na iya tare ka a can. Duk gwajin da za ka yi, ka yi shi da suna mai tazara da harafi mai lanƙwasa. Suna ɗaya ya kama maka ɓeraye biyu.

Batun taga ta biyu. Kowace dannawa sabon kwafin manhaja take tayarwa, Windows ba ruwanta da cewa akwai wani yana gudana. Wannan ba muni ba ne kawai a ido, haɗari ne: taga biyu su buɗe lissafi ɗaya, wannan ya ƙara buhu talatin ya ajiye, wancan ya ajiye nasa tsohon a kai, talatin ɗin sun bi ruwa. Abin da ake yi shi ne kwafin farko ya riƙe wani makulli mai suna, Mutex, ya kuma buɗe bututun saƙo da NamedPipeServerStream ya zauna saurare. Duk kwafin da ya tashi daga baya ya tarar makulli na hannun wani, sai ya zura cikakken adireshin fayil ta bututun, ya fita. Ƙananan abubuwa uku ne ke kayar da mutane a nan. Ka ajiye makullin a wurin da zai rayu har manhaja ta rufe, in ba haka ba mai share ƙwaƙwalwa na .NET, dandalin da C# ke gudana a kai, na iya kwashe shi ana tsaka da aiki. Saƙon bututu ba a zaren taga, wato layin aikin da ke kula da taga, yake isowa ba, sai ka mayar da shi can da BeginInvoke kafin ka taɓa komai a fuskar manhaja. Kuma Windows ba ta barin manhajar da ke baya ta yi tsalle ta fito gaba don ranta ya so, sai dai tambarinta ya yi ta ƙyaftawa a ƙasa. Kwafin na biyu shi ke da izinin a lokacin, tunda shi aka danna, don haka ya kira AllowSetForegroundWindow ya miƙa izinin kafin ya fita. Ka gwada da zaɓar fayil biyar a tare ka danna Enter: kwafi biyar za su tashi kusan a lokaci guda, suna rige-rigen makulli, wasu su zo bututu kafin a gama buɗe shi. Mai aika saƙo ya riƙa ɗan jira ya sake gwadawa.

Ba ka tambayi Mac da Linux ba, kuma a kasuwanninmu Windows ce ta cika gari, amma ka san bambancin don wata rana. A Mac ba rajista ake yi ba, a cikin Info.plist ake bayyana nau'in fayil ƙarƙashin CFBundleDocumentTypes, kuma adireshin ba ya zuwa ta layin umarni, saƙo ne ake aiko wa manhajar, ko tana gudana ko yanzu take tashi. Shi ya sa masu rubuta manhaja da Electron ke sauraren open-file tun da wuri, masu yi da Qt kuma QFileOpenEvent. A Linux kuwa fayil ɗin .desktop ne mai layin MimeType da Exec, tare da bayanin nau'in fayil da ake sabuntawa da update-mime-database.

To, mu zo kan wuta.

Windows tana da ladabi iya gwargwado. Kafin ta rufe takan aiko wa kowace taga WM_QUERYENDSESSION, wato za a kashe, kin yarda? Sannan WM_ENDSESSION, wato an yanke. A WinForms, kayan gina taga na C#, za ka gan shi a FormClosing da dalilin WindowsShutDown, ko ta SystemEvents.SessionEnding. Lokacin da ake ba ka kaɗan ne, in ka wuce daƙiƙa biyar ba ka amsa ba sai a nuna wa mutum allon da ke cewa wata manhaja ta hana rufewa, da maɓallin a kashe duk da haka. Wanda ke sauri ya rufe shago ya samu jam'in magariba, me kake tsammani zai danna? Don haka kada ka fito da akwatin "Kana so a ajiye?" a wannan lokacin. Ka ajiye shiru a wani kwafin ceto, gobe in ya buɗe ka tambaye shi. In akwai aikin da yankewarsa ɓarna ce ta gaske, tun zamanin Vista akwai ShutdownBlockReasonCreate da zai rubuta dalilinka a allon, amma roƙo ne, ba umarni ba.

Barci ma ana sanarwa. In an rufe murfin laftof sai WM_POWERBROADCAST ya zo da PBT_APMSUSPEND, kana da kamar daƙiƙa biyu. A .NET PowerModeChanged ne ke kawo maka shi, da farkawa, da komawa kan batir. Farkawar ta fi ba mutane wahala, don duniyar da ka bari ba ita za ka tarar ba. An zare filashin da fayil ke kai, wayar da ke raba intanet ta bi mai ita kasuwa, firinta a kashe, agogo ya yi tsalle da awa goma sha biyu. Duk abin da ka riƙe a buɗe kafin barci, ka sake duba shi kafin ka yi amfani da shi. Cirewa da saka filash kuma WM_DEVICECHANGE ke sanarwa, sai dai wanda ya fizge filash ba ya sallama, bayan ya fita za ka ji labari.

Duk wannan da na lissafa sanarwa ce daga kwamfutar da ke da rai. Ɗauke wuta ba ya aiko da komai. Kwamfutar tebur da babu UPS, ko laftof ta hannu da batirinta ya mutu tun kafin ta iso kasuwa, in janareta ya shaƙe, manhajarka ba ta samun ko daƙiƙa ɗaya. Babu wani saƙo da za ka saurara ya cece ka. Waɗanda suka tsara waɗannan saƙonni suna zaune ne inda ɗauke wuta labari ne na jarida, mu kuwa a nan shi ne hanyar da kwamfuta ta fi mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mu ba a gaya mana ranar ma.

Ni ma na sha wannan. Shekarun baya na yi wa wani mai sayar da takin zamani a Birnin Kebbi manhajar bashi, ana dab da noman rani, manoma na karɓar taki a kan za su biya bayan girbi. Wata rana da rana tsaka aka kira ni. Na tarar da Alhaji zaune a kan buhu, yaron shago tsaye ya sunkuyar da kai, fankar sama ta tsaya cak. Da aka tayar da janareta na buɗe foldar, ga fayil nan da sunansa da tambarinsa, a gefen girma an rubuta 0 KB. Alhaji ya dube ni ya ce, "Yaro, wagga na'ura taka ta canye mini kuɗɗi." Allah ya taimake ni yaron bai daina rubutawa a littafi ba, don bai taɓa yarda da kwamfutar ba. Kwana biyu muka yi muna sake shigarwa.

Ga abin da ya faru, kuma ina kyautata zaton shi ya sami naka. In ka kira File.WriteAllText a kan fayil da ke nan, abu na farko da ake yi shi ne a sare shi ya koma fanko, sannan a fara zuba sabon. Kuma ko kiran ya dawo ya ce an gama, bayanan na iya kasancewa a ƙwaƙwalwar wucin gadi, Windows na jiran lokacin da ya dace ta sauke su a faifai. Wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, tsohon ya tafi, sabon bai iso ba. Za ka ji ana cewa NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a faifai, na da littafin kariya, gaskiya ne, amma tsarin foldoji da sunaye yake karewa, ba abin da ke cikin fayil ɗinka ba.

Kada ka taɓa rubutawa a kan kwafi ɗaya tilo. Ka rubuta sabon lissafi a wani fayil na wucin gadi cikin folda ɗaya da na ainihi. Ka tilasta a sauke shi a faifai, wato Flush na FileStream da true a cikinsa, ba Flush kawai ba. Sannan ka kira File.Replace ya musanya su, ya kuma ajiye maka tsohon da wutsiyar .bak. Duk inda wuta ta yanke, akwai cikakken kwafi ɗaya a ƙasa, ko na ɗazu ko na yanzu. A ajiyar farko, da babu tsohon da za a musanya, File.Move za ka yi. In manhaja ta tashi ta ga ragowar fayil na wucin gadi ko ta kasa karanta na ainihi, ta faɗa wa mutum da Hausa abin da ta gani, ta miƙa masa kwafin baya da lokacin da aka ajiye shi.

Amma da ni ne ke rubuta manhajar lissafi yau, ba zan ƙirƙiro tsarin fayil nawa ba. Zan bar wutsiyar .buhu yadda take, cikinsa kuwa SQLite ne, wato ƙaramin rumbun bayanai mai zama a fayil ɗaya. Tun shekarar 2000 D. Richard Hipp ya fitar da shi, kyauta ne, yana cikin kusan kowace waya, kuma an gina shi ne don ya jure yankewar wuta ana tsaka da rubutu. Da shi kowane buhu da aka shigar yana sauka nan take, maɓallin ajiyewa ma ya zama ba dole ba, abin da za a rasa bai wuce layin da ake cikin bugawa ba. Sharaɗi ɗaya: za ka ga ana yaba tsarin WAL saboda sauri, amma yana ajiye sababbin bayanai a wani fayil na gefe mai ƙarewa da -wal. Dillalinka da zai jawo fayil ɗaya ya tura wa ɗan'uwansa a Argungu ta WhatsApp alhali manhaja na buɗe, lissafi maras cinikin yau zai tura. Ga fayil mai yawo, ka tsaya a tsarin asali, ka kuma sa maɓallin "Fitar da kwafi" a cikin manhajar. Bayan yankewar wuta kuma a fara buɗe fayil ɗin da manhaja kafin a kwafe shi, don SQLite na gyara kansa ne da fayil ɗin -journal da ya bari a gefe, kada wani ya share shi yana zaton shara ce.

Filash ba wurin aiki ba ne. Yawancinsu FAT32 ne ko exFAT, ba su da littafin kariyar nan, ga fizgewa, ga ƙwayar cutar da ke mayar da foldoji gajerun hanyoyi da ake kwasowa a shagunan buga takardu. In ka ga adireshin da aka miƙo maka a kan filash yake, ka ba da shawarar a kwafo shi cikin kwamfuta. Kuma tunda kowa na iya canja wa kowane fayil wutsiya, kada ka yarda da .buhu don sunansa. Ka karanta farkonsa: fayil ɗin SQLite da kalmomin "SQLite format 3" yake farawa, kuma akwai application_id da za ka sa lambarka a ciki don ka gane naka. Abin da bai dace ba, ka ce wannan ba lissafin manhajar nan ba ne, ka bar shi yadda yake ba tare da ka rubuta komai a kai ba.

Fayil ɗin maigidan da ya lalace, kafin komai ka kwafe shi gefe, ka dubi girmansa. In sifili ne ko cikinsa sifilai ne zalla, babu abin cirowa a ciki, sai ka nemi kwafin da aka taɓa turawa ta waya ko littafin yaron shago. In yana da nauyi kuma rubutu ne, buɗe kwafin da Notepad, sau da yawa ƙarshen ne kawai ya guntule, sauran na nan. Bayan ka gyara ajiyar, ka samu tsohuwar kwamfuta wadda ba ka jin asararta, ka cire mata batir, ka sa manhajar ta yi ta shigar da buhunan ƙarya tana ajiyewa ba tsayawa, ka zare waya daga soket. Ka kunna, ka buɗe "Kuɗin shinkafa.buhu" da danna sau biyu, ka ƙirga buhunan. Ka maimaita sau ashirin kafin ka mayar wa maigidan da ita.